Ranar da Aka Rufe Ƙofar Kotu: Dutse da Dokokin Soja na Hana Magana

Ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce an ƙirƙiro sababbin jihohi tara. Cikinsu har da Jigawa, hedikwatarta Dutse. Ba a yi ƙuri'ar jin ra'ayi ba, ba majalisar da ta zauna ta yi muhawara. Mutanen Dutse sun wayi gari a ƙaramar hukuma cikin Jihar Kano, suka kwana a babban birnin jiha. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma waɗanda suka so a kai hedikwatar wani gari, kamar masu fafutukar Haɗejiya, ba su da inda za su kai kukansu, domin abin da soja ya zartar da doka ba a kai shi gaban alƙali. Alƙalamin da ya ba Dutse wannan matsayi shi ne dai wanda ke rubuta takardar tsare mutum ba tare da shari'a ba.

Yawancin masu karanta wannan a waya ba su ga mulkin soja ba. Abin da suke ji shi ne soja ba ruwansa da doka, bindiga ce kawai da bulala. Akwai bulalar, ba musu. Sai dai wanda ya bi tarihin zai tarar sojojin Nijeriya sun fi kowa son rubuta doka. Ga lamba, ga shekara, ga sashe, an buga a gazet. Ana kiran irin wannan doka dikiri in ta tarayya ce. Ba su rufe kotuna ba kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe idan an kafa dokar soja zalla. Alƙalai sun ci gaba da zama, lauyoyi na sa hular gashinsu, ana shari'ar gona da ta bashi. Abin da suka yi ya fi haka wayo: a ƙarshen kowace doka mai haɗari sai su ƙara sashe guda, wanda ya ce babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kan abin da aka yi da wannan doka. Wannan sashe shi ne ginshiƙin labarin.

Kafin a zo kan soja, ya kamata a faɗi gaskiya game da abin da ya tarar. A shekarun 1950 Dutse gunduma ce ƙarƙashin En'e ta Kano, haka Birnin Kudu da Jahun da Gwaram. Ɗan NEPU da ke son yin lacca sai ya nemi izinin hukumar gargajiya, wadda manyanta ke tare da NPC. In an hana shi ya yi, 'yan doka su kama shi, alƙalin En'e ya yanke masa hukunci, gidan yarin En'e ya karɓe shi. Mai kamawa da mai hukuntawa da mai tsarewa duk gida ɗaya suka fito. Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a wannan tsari, har aka kore ta daga Kano. Don haka lokacin da gwamnatocin soja suka ƙwace 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, talakan Dutse ya ga sauƙi a zahiri. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau za ka ji dattijo na yabon zamanin Audu Bako. Mutumin da dogari ya taɓa ɗaurewa a gindin bishiya saboda ya ce "Sawaba" ba zai yi saurin kuka don an soke majalisa a Legas ba.

Amma da hannu ɗaya aka bayar, da ɗayan aka karɓe. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, dokar farko da Janar Aguiyi-Ironsi ya sa wa hannu ta dakatar da sassan kundin tsarin mulki, ta mayar da ikon yin doka hannun gwamnatin soja. Ranar 24 ga Mayu ya fito da biyu a jere. Doka ta 33 ta rushe ƙungiyoyin siyasa 81 da na ƙabilu 26, ta haramta tutocinsu da alamominsu da takensu. A da ana hana ɗan NEPU izinin lacca, yanzu kuwa NEPU ɗin ce babu, NPC ma babu. Doka ta 34 kuma ta soke tsarin tarayya. Kwana kaɗan bayan haka ɗalibai suka fito zanga-zanga a Zariya, abin ya bazu Kano da sauran garuruwan Arewa ana cewa "a raba", ya rikiɗe ya zama kisan 'yan ƙabilar Ibo. Wannan abin kunya ne da babu uzurin da zai wanke shi. Abin lura ga mai nazarin doka shi ne, an rufe duk wata kafa da shugabannin jama'a za su tsaya su yi magana da yawun mutane, sai titi ya rage, kuma titi ba shi da shugaba.

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu, Dutse ta faɗa Jihar Kano. A jawabin nan dai ya kafa dokar ta-ɓaci a ƙasa baki ɗaya. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, dokar ta-ɓacin ba ta ƙare ba. Sai ranar 21 ga Satumba, 1978 aka ɗage ta tare da haramcin siyasa. Yaron da aka haifa a Kiyawa ranar da aka kafa ta ya kusa gama firamare kafin a janye ta.

A cikin waɗannan shekaru ne kotu ta gwada ƙarfinta sau ɗaya, kuma ya kamata a tsaya a kan wannan shari'a, ko da yake a Yamma ta faru, don ita ta yanke makomar duk wanda za a tsare daga baya, har da 'yan Jigawa. Wani mutum mai suna Lakanmi da 'yarsa, kwamitin bincike na Jihar Yamma ya ƙwace musu dukiya. Suka je kotu. Shari'a na tafiya, gwamnatin tarayya ta fito da doka a 1968 wadda ta halatta ƙwacen, ta ambaci sunayensu, ta hana kotu sa baki. A watan Afrilun 1970 Kotun Ƙoli ta ce a'a. Ta ce abin da ya faru a 1966 riƙon ƙwarya ne da larura ta kawo, kundin tsarin mulki yana nan da ransa, kuma gwamnati ba ta da ikon yanke wa mutum hukunci ta hanyar rubuta doka da sunansa. Mako biyu kacal gwamnatin Gowon ta ɗauka ta mayar da martani. Doka ta 28 ta 1970 ta ce juyin mulki ne cikakke aka yi, dikiri ya fi kundin tsarin mulki, kuma duk hukuncin kotu da ya ce akasin haka, wanda aka yanke da wanda za a yanke nan gaba, banza ne. Tun daga ranar alƙalan Nijeriya suka san iyakarsu. Buhari ya sake irin wannan doka a 1984, Abacha ya sake a 1994.

Ba wai kotu ta zama ba ta da amfani sam ba. A 1973 dogarin gwamnan soja na Jihar Ribas ya sa an yi wa ɗan jarida Minere Amakiri bulala ashirin da huɗu, aka aske masa kai, saboda ya buga koken malaman makaranta ranar bikin haihuwar gwamna. Gani Fawehinmi ya kai ƙara, kotu ta ba shi diyya. Ya yi nasara ne don babu dikirin da ya halatta aski da bulala. Darasin da masu mulki suka ɗauka shi ne, in za ka yi, ka fara rubuta doka.

Ɗalibai su ne suka fi biyan kuɗin wannan darasi da jininsu, kuma Zariya, inda 'ya'yan Kano da Dutse da Gumel ke karatu, ita ta fi ɗanɗanawa. A Afrilun 1978 aka ƙara kuɗin abinci a jami'o'i, ɗalibai suka fito suna neman a cire kwamishinan ilimi, Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibi a Legas, sojoji suka harbe wasu a Samaru, gwamnatin Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Bayan shekara takwas, ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka sake buɗe wuta a Jami'ar Ahmadu Bello lokacin rikicin ɗalibai da shugaban jami'ar, Farfesa Ango Abdullahi. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. A 1989 Babangida ya fito da Doka ta 47, wadda ta ba gwamnati ikon rushe kowace ƙungiyar ɗalibai. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba: ranar 9 ga Fabrairu, 1990, zamanin Janar Ali Saibou, an harbe ɗalibai masu maci a gadar Kennedy ta Yamai.

Dokokin da suka fi suna dai na 1984 ne. Doka ta 2 ta ba Babban Hafsan Hedikwatar Ƙoli, wato Tunde Idiagbon a lokacin, ikon sa hannu a tsare duk wanda ya gamsu cewa barazana ne ga tsaron ƙasa ko tattalin arzikinta. Wata uku, sannan a sake dubawa, a sabunta. Ba tuhuma, ba shaida, ba lauya. Kalmar "ya gamsu" ita ce dukan shari'ar. Doka ta 4 kuma ta 'yan jarida ce. Ta haramta buga labarin ƙarya a kan jami'in gwamnati, abin da ba wanda zai yi gardama da shi, sannan ta ƙara da duk abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta raini ko zubewar mutunci. Wato labari na iya zama gaskiya ya kuma zama laifi. Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian sun sha ɗaurin shekara guda a Yulin 1984 saboda labarin waɗanda za a naɗa jakadu. A shekarar nan ko Sarkin Kano Ado Bayero sai da aka hana shi fita daga masarautarsa na wata shida saboda ziyarar da ya kai Isra'ila tare da Ooni na Ife. Idan San Kano ke nan, ina ga malamin firamare a Sakwaya da ke son ya yi ƙorafin albashi?

Babangida ya zo a Agustan 1985 ya soke Doka ta 4, aka yi ta tafi. Doka ta 2 kuwa ya riƙe abarsa, kuma haka kowa ya riƙe ta har 1999. Salonsa daban ne. Maimakon ya hana siyasa, sai ya tsara wanda zai yi ta da inda za a yi ta. Doka ta 25 ta 1987 ta haramta wa tsofaffin 'yan siyasa shiga harkar. A Oktoban 1989 ya watsar da ƙungiyoyi goma sha uku da suka nemi rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC, ya rubuta musu manufofi, ya gina musu ofisoshi iri ɗaya a ƙananan hukumomi. A Disamban 1991 aka kama wasu manyan 'yan siyasa, ciki har da Abubakar Rimi da Shehu Musa 'Yar'aduwa, bisa zargin sun karya haramcin. A cikin wannan keji ne Jigawa ta zaɓi gwamnanta na farko na farar hula, Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP, wanda ya karɓi mulki daga Kanar Olayinka Sule a Janairun 1992.

Bai cika shekara biyu ba. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba, 1993, ya rushe gwamnoni da majalisu da jam'iyyun biyu, ya haramta duk wani jerin gwano da taron siyasa a ko'ina cikin ƙasa. Dutse ta koma hannun kantomomin soja: Ibrahim Aliyu, sai Rasheed Shekoni, sai Abubakar Zakariya Maimalari. Kantoma shi ne gwamna, shi ne majalisa, abin da ya sa wa hannu ya zama dokar jiha. Ba daga jama'a ya zo ba, don haka ba jama'a yake tsoro ba, Abuja yake kallo. A sabuwar jiha irin Jigawa wannan yana da nauyi na musamman. Kusan duk mai ilimin boko da ke Dutse ma'aikacin gwamnati ne da aka taso daga Kano, kuma tun 1984 akwai Doka ta 17 wadda ta ba da ikon sallamar ma'aikaci ba tare da kotu ta tambayi dalili ba. Ba sai an kai mutum kurkuku ba, takarda ɗaya ta isa. Rediyon jiha na gwamnati ne. Shi ya sa wanda ke son ya ji abin da ke faruwa a ƙasarsa sai ya kama Landan ko Jamus ko Muryar Amurka, ya ji muryar ɗan garinsu ta zagayo daga wata nahiya.

Abacha ya toshe 'yar kafar da ta rage. A da lauya na iya roƙon kotu ta umarci a kawo wanda ake tsare da shi gabanta, ko don a ga yana raye. Doka ta 14 ta 1994 ta hana kotu ba da wannan umarni a kan wanda aka tsare da Doka ta 2. Ga kuma kotunan musamman. Bayan rikicin Kafanchan na 1987 an yi dokar kafa kotun hukunta masu tarzoma, wadda ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta zuwa kotunan ƙasa. Da ita aka yi wa mutanen Funtuwa da Zariya da sauransu shari'a a shekarar. Da ita aka yanke wa Zamani Lekwot hukunci bayan rikicin Zangon Kataf. Da ita kuma aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Kowane lokaci akwai ɓangaren ƙasa da ya ce Allah ya ƙara, don ba nasa aka taɓa ba. Shehu 'Yar'aduwa, wanda ya tura taron tsarin mulki ya sa wa soja ranar sauka, kotun soja ta asiri ce ta ɗaure shi a 1995 bisa zargin juyin mulki, ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997.

Rabon tsakiyar Jigawa ya zo a 1998. Ana ta shirin tazarce, jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista duk suna hanyar tsayar da Abacha, sai wasu 'yan siyasar Arewa goma sha takwas suka rubuta masa wasiƙa suna cewa kada ya tsaya. Solomon Lar ne ya kai. Ba su tara jama'a ba, ba su fita titi ba, wasiƙa ce kawai. Aka kama Abubakar Rimi da Sule Lamido na Bamaina, tsohon sakataren SDP na ƙasa. Aka kai Rimi Ilori, aka kai Lamido Maiduguri. Ba a gurfanar da su gaban kowace kotu ba. Rimi kuwa shekara uku da suka wuce minista ne a gwamnatin nan da ta tsare shi. Mai karatu na iya samun ra'ayinsa a kan siyasar mutanen biyu, kafin wannan da bayansa, kuma akwai abin faɗi. Amma ranar da aka kama su, laifinsu bai wuce sa hannu a takarda ba.

A watan Maris na shekarar aka ga yadda haramcin taro ke aiki. A Abuja ƙungiyar Daniel Kanu ta yi gangamin roƙon Abacha ya zarce, wanda aka yi wa laƙabi da macin mutum miliyan biyu, da mawaƙa da motocin kwasar jama'a daga jihohi. A Legas kuma Olisa Agbakoba ya kira taron masu adawa, 'yan sanda suka tarwatsa su, suka kama shi da rauni a ido. Doka ɗaya, mako ɗaya. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, Janar Abdulsalami Abubakar ya fara sakin fursunonin siyasa, Rimi da Lamido suka dawo gida. Ana jajiberin miƙa mulki a Mayun 1999 aka soke Doka ta 2.

Ba duka aka soke ba. Kundin tsarin mulkin da muke amfani da shi yau, shi kansa ta hanyar dikiri ya zo, Doka ta 24 ta 1999. Sashe na 40 ya ba kowa 'yancin taro, sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita shi don tsaro da zaman lafiya, sashe na 315 ya bar tsofaffin dokoki su ci gaba da aiki. Akwai ma wani ɗan sashe, 6(6)(d), da ya hana kotu bincikar ko waɗanda suka yi dokoki tun daga 15 ga Janairu, 1966 suna da ikon yin su. Cikin dokokin da suka tsallako akwai ta kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1979, wadda Obasanjo ya sa wa hannu yana sanye da kaki. Ta ce mai son yin taro ko jerin gwano ya nemi izini aƙalla awa 48 kafin lokaci.

A 2003, Obasanjo na shugaban farar hula, jam'iyyar ANPP ta nemi izinin yin gangamin ƙin amincewa da sakamakon zaɓe, 'yan sanda suka hana. A watan Satumba ta yi taron a Kano, jihar da ita ke mulki kamar yadda take mulkin Jigawa a lokacin. Aka watsa musu barkonon tsohuwa. A cikin waɗanda suka shaƙa akwai ɗan takararta, Muhammadu Buhari, mai Doka ta 2 da ta 4. Duniya rawar 'yan mata. Abokin takararsa, Chuba Okadigbo, ya rasu kwana kaɗan bayan taron, jam'iyyar ta ɗora laifin a kan hayaƙin. ANPP da wasu jam'iyyu suka je kotu, Femi Falana na lauyansu. Wannan karon ƙofar a buɗe take. A Yunin 2005 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin tsarin mulki, a Disamban 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su za a yi taro, aikinsu shi ne su ba da tsaro.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. Ranar 1 ga Agusta, 2024, matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Dutse da Kano da sauran garuruwa. An yi ɓarna da wawaso a wurare, kuma gwamnati na da haƙƙin tsayar da wannan. Gwamna Umar Namadi ya kafa dokar hana fita ta awa 24 a Jigawa, haka aka yi a Kano. Aka kama ɗaruruwa a jihohin Arewa. Ranar 1 ga Nuwamba, bayan kusan wata uku a tsare, aka gurfanar da mutum 76 da aka kwaso daga Kano a Babbar Kotun Tarayya a Abuja, da yawansu yara ƙanana, ana tuhumarsu da laifuffukan da suka haɗa da cin amanar ƙasa. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun. Aka ba da belinsu a kan naira miliyan goma kowanne. Da hotunan suka karaɗe Facebook da WhatsApp, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, babban lauyan gwamnati ya janye ƙarar, ranar 5 ga Nuwamba kotu ta kore ta. Daga nan aka kai su fadar shugaban ƙasa, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnoninsu.